Gayyar da Aka Yi wa Dawar Amatullah

Mutanen Mawashi ba su cika kiranta Dokta ba, kuma ba raini ba ne. Abin da idonsu ya gani shi suke faɗa: mace ce mai sa wa dawa hula. Duk shekara idan dawa ta yi ciki ta fara fitar da kai, sai ka hangi Amatullah ɗiyar Malam Dikko a tsohuwar gonar ubanta, ta ɗaure mayafi a ƙugu, tana bin zangarnu ɗaya bayan ɗaya, tana kifa masu ambulan na takarda tana ɗaurewa da zare. Masu wucewa a kan babur su rage gudu su ce, "Sannu Malama, sanyi suke ji ne?" Ko ɗago kai ba ta yi. Sai ta ce, "Mura ce, ka gaida mutan gida."

Gonar nan ita ta yi ta. Malam Dikko, Allah ya jiƙansa, ya shekara talatin yana nomanta, kuma duk shekarun nan ƙuduji yake yi wa bauta. Ƙuduji shi ne abin da Kanawa ke cewa wuta-wuta, ciyawar nan mai kyakkyawan fure, munafuka, wadda ke maƙale wa saiwar dawa a ƙarƙashin ƙasa ta tsotse ta. Kafin ka ga furen a sama, aikin gama ya gama. Tun Amatullah tana 'yar shekara tara ita da yayanta Babba suke bin kunyoyi suna tuge shi har hannunsu ya yi kanta, baɗi kuma ya dawo ya ninka.

A lokacin ne ta lura da wani abu. Gwaggonta Adda, yayar ubanta, tana da wata jar dawa a bayan gida, mai ƙananan kai, mai baƙin tuwo da yara ba sa so. Ƙuduji yana fitowa a gefenta amma ba ya kayar da ita. Ta tambayi ubanta dalili. Ya ce, "Haka Allah ya yi ta."

Ta ce, "To Baba, ai da ya yi ta, akwai inda ya sa abin a jikinta."

Malam Dikko ya dube ta ya ce wa uwarta, "Wannan ɗiyar taki sai ta sa mutum ciwon kai." Bai yi ƙarya ba.

Tambayar nan ita ta bi har ta girma. Ta yi firamare a Mawashi, sakandare a Kankia, ta wuce jami'a ta karanci kimiyyar gadon halitta, wato yadda ɗa ke ɗauko halin iyayensa, mutum ne ko dabba ko tsiro. Ba ta tsaya ba sai da ta zama dokta. Abokan karatunta suka watsu manyan cibiyoyin bincike, masu na'urori da motoci. Ita kuwa ta karɓi aiki a wata ƙaramar jami'a da ba ta ba da komai sai digirin farko, don dai ta fi kusa da gonar. Suka ce mata, "Amatullah, makarantar alli ce fa, can bincike yake mutuwa." Ta ce ta ji, ta gode.

Gaskiyarsu ne ta wani wajen. Ɗalibai ɗari uku a aji guda, kwasa-kwasai biyar a wuyanta, ɗakin gwaji kuwa sunansa kawai ya rage. Tana zaune a Kankia da mijinta Sharafaddeen, malamin sakandare, da 'ya'yansu uku, tana shiga motar haya ran Litinin ta dawo ran Alhamis. Amma ajinta ba a barci. Takan shigo da buhu, ta zazzage zangarnu ɗari huɗu a gaban allo, 'ya'yan iyaye guda, ta ce a ware mata jajaye da farare a ƙirga. Sai ɗalibai sun ga da idonsu jajayen sun ninka fararen sau uku sannan take buɗe littafi. Wanda ya ce zai haddace ya zuba mata a jarrabawa, wallahi sai ya maimaita shekara.

Binciken nata kuwa a gonar ubanta take yi, da aljihunta da ranakun hutunta. Ta ɗauki bununin jar dawar Adda, wato garin furenta, ta zuba a kan farar dawar ubanta mai daɗin tuwo, ta aurar da su. Abin da take nema ɗiya ce mai farin uba da taurin uwa. Daga nan sai haƙuri: kowace shekara ta shuka, ta zaɓa, ta sa hular nan don kada iska ta kawo bununin wata dawa ya gurɓata jinin. Kowane ambulan da lambarsa da fensir, kowane layi da turkensa mai lamba. A shekara ta shida saura layi sittin, kuma a cikinsu akwai guda da take kwana da shi take tashi da shi: lamba arba'in da ɗaya. Fara ce mai ɗan ja a baki, kuma shekara biyu a jere ƙuduji yana zagaye ta yana barinta a tsaye.

Mai wannan sana'a yakan ajiye ragowar iri a wuri mai sanyi saboda tsautsayi. Ta ajiye. Firjin sashensu ya mutu, aka shekara biyu ana rubuta takarda a kansa, ƙwari suka mayar da ragowar gari. Saboda haka arba'in da ɗaya ba ta ko'ina a duniya sai a layi guda a gonar Malam Dikko. Abin da ya rage kaɗan ne: a girbe kowane layi daban, a auna nauyinsa, ta rubuta sakamako. Da wannan takardar za ta nemi ƙarin girma, don ta shekara tara a matsayi guda.

To sai shekarar ta zo a karkace. An yi dogon yajin aiki, da aka koma sai aka cusa jarrabawa daidai lokacin girbi. Amatullah ta maƙale a makaranta mako uku, tana tsaron jarrabawa tana duba takardu. Kowa a Mawashi ya kwashe amfaninsa, gonar gidan Dikko kaɗai ta rage a tsaye da hulunanta. Mai unguwa ya sa aka yi shela cewa daga Asabar za a saki dabbobi su shiga gonaki. A majalisa wani ya ce, "Gidan Dikko boko ya yi masu yawa, sun manta yadda ake girbi."

Maganar ta faɗa a kunnen Babba. Shi kuwa Babba mutum ne da ba ya iya ganin aiki a tsaye ya wuce, kuma yana son ƙanwar nan tasa kamar me. Ya kira wayarta sau uku ran Laraba, tana kulle a durowa saboda dokar ɗakin jarrabawa. Ya ce shi ke nan, ba za a ci mutuncin gidansu yana da rai ba. Ya kira gayya.

Gayya kuma aka yi ta gani ta faɗa! Maza talatin suka fito da sassafe ran Alhamis. Matarsa Sa'a ta tuƙa tuwo ta dama fura. Da yake mutane ne masu tsabtar aiki, suka fara cire ambulan ɗin duka don dawa ta sha iska, suka jera su a kwando. Turakun lambar suka tuge su, kada su soki dabbobi, suka tara a gindin gawo. Suka sare, suka yanke, suka ɗaure.

Amatullah ta sauka daga babur bayan la'asar, da sikeli a hannu da buhuna sittin masu lamba. Ta tsaya. Gona fetal. Ga dammuna a jere gwanin sha'awa, ga dattawa a inuwa suna shan fura, duk sun juyo suna murmushi suna jiran godiya.

Babba ya taho da sauri yana share gumi da hula. Ya ce, "Ƙanwata, mun hutar da ke! Dami goma sha huɗu, ko zangarniya guda ba ta hwaɗi ƙasa ba."

Ta ce, "Yaya, ina ambulan?"

"Ga su can, Sa'a ta adana maki. Ko guda bai yage ba."

Kai, duniya! Da ɓarawo ne ya yi mata wannan, da ta san inda za ta kai ƙara. Da shanu ne, da ta zagi mai su ta huce. Amma mutane talatin ne suka bar aikinsu suka ba ta yininsu saboda ubanta, kuma a Mawashi ba a taɓa jin wanda aka yi wa gayya ya buɗe baki da abin da ba godiya ba. Ta ajiye sikelin. Ta je gaban dattawan ta durƙusa ta ce, "Sannunku da aiki. Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci." Suka amsa da amin.

Ba ta tashi ba. Ta ce, "Amma wallahi kun kashe ni. Aikin shekara shida kuka ɗaure a dami goma sha huɗu."

Malam Ashiru, abokin ubanta, ya ajiye ludayi ya ce, "Ke ɗiyar nan, mi kike faɗi haka? Dawa ai dawa ce."

Ta ce, "Baba, jikokinka nawa?"

"Ashirin da uku."

"Duk jininka ne, duk suna kama. A goge sunayensu a ce maka yaro ai yaro ne, ka yarda?"

Wasu suka ce ta yi rashin kunya, kuma har yau akwai masu faɗin haka. Ita dai ta faɗi abin da ke ranta, ta zauna a kan kara ta yi kuka a gaban kowa, ba ta rufe fuska ba. Babba ya tsaya da hula a hannu. Sai a lokacin ya gane, ya juya ya nufi gida.

Washegari da hantsi Gwaggo Adda ta aika a kira ta. Tsohuwar ta haura tamanin amma idonta garau. Ta ja ta zuwa madafa ta nuna sama. Zangarnu bakwai ne a rataye inda hayaƙi ke bugunsu, manya, farare masu ɗan ja a baki.

Adda ta ce, "Ni ba a girbi a gabana ban fidda iri ba, haka na taras ana yi. Kafin su sa wuƙa na shiga na zaɓo waɗanda suka fi kowa tsayuwa. Share hawayenki, ga abarki nan."

Amatullah ta ƙura masu ido. Kamarsu ɗaya da arba'in da ɗaya. Ta ce, "Gwaggo, daga wane layi kika cire?"

"Can ta gabas."

"Na nawa daga bakin gona?"

"Ke, ni ƙirga layi na tahi yi? Inda ta yi kyau nan na nufa."

Arba'in da ɗaya ta gabas take, gaskiya ne. Amma akwai 'yan uwanta wajen goma sha biyar a wannan ɓangaren masu irin wannan kama. Ta karɓi zangarnun ta yi godiya, ta naɗe su a zane.

Ran Litinin ta shiga ofishin shugaban sashensu, Farfesa Jaji, ta gaya masa komai. Kada a zalunce shi, ba mugu ba ne. Dattijo ne da ya gaji, ya ga malamai da yawa sun tsufa a matsayi guda, kuma yana jin tausayinta. Ya tashi ya rufe ƙofa.

Ya ce, "Dokta, ƙarshen Disamba za a rufe karɓar takardun ƙarin girma. Kin san dawar nan fiye da kowa. Kin ga yadda ta tsaya bana kafin ki taho, kina da awon bara. Ki zauna ki ƙiyasta nauyin kowane layi, ba za ki yi nisa da gaskiya ba. Waɗannan bakwai ɗin kuwa ki rubuta masu arba'in da ɗaya. Kusan tabbas su ne."

Ta ce, "Kusan, ranka ya daɗe."

"Ki rufa wa kanki asiri. Kabir da kika koyar a aji biyu ya kawo takardunsa, bana zai wuce ki. Wa zai tashi ya je Mawashi ya duba?"

Ta ce, "Ƙuduji zai duba. Shi ba ya karanta mujalla."

Farfesa ya yi tsaki ya ce taurin kan nan nata ba zai kai ta ko'ina ba. Sai ta tashi tsaye, kuma waɗanda ke ofishin kusa sun ce har can suna jiyo ta. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ba takarda na shekara shida ina nema ba. Idan na rubuta lambar nan, baɗi zan ɗebi irin nan in ba mutumin da ba shi da komai sai gona guda, in ce masa ya shuka, na gwada. Idan ba ita ba ce fa? Kai kana nan a ofis, ni kuma a garin za a binne ni. Na kori ɗalibi daga ɗakin jarrabawa makon jiya saboda ya rubuta amsa a tafin hannu. Da wane ido zan kalle shi? Ba zan rubuta ba. Kabir ya wuce, Allah ya sanya alheri."

Ta fita ta bar masa ƙofa a buɗe. Da ta koma Kankia ta gaya wa Sharafaddeen, abin ya dame shi, don shi ma ya sa rai. Daga baya ya ce, "To yanzu mene ne abin yi?" Ta ce mota za a nemo a kwaso dammunan.

Haka ta sauke dami goma sha huɗu a barandar sashen. Ta tara ɗalibanta 'yan aji uku ta ba su labarin tun daga farko, har da kukan da ta yi, ba ta rage komai ba. Ta ce, "Wannan shi ne aikin gwajinku na bana. Zangarniya dubu da 'yan kai ce. Duk wadda ba fara mai ja a baki ba, a fitar da ita." Malamai suka fara gunaguni wai an mayar da sashe kasuwar hatsi. Aka aiko mata da takarda ta kwashe. Ta kwashe, ta koma gindin bishiyar bedi a bayan ginin ta shimfiɗa tabarmi, aka ci gaba. Mako biyar suka yi. Zangarnu ɗari biyu da talatin da takwas suka rage, har da bakwai ɗin Adda, kowace aka sussuke ta ita kaɗai aka zuba a ambulan ɗinta da sabuwar lamba. Bakwai ɗin Adda ta ba su ɗaya zuwa bakwai. Wata ɗaliba ta ce, "Malama, ai waɗannan mun san su." Ta ce, "Ba mu sani ba. Muna fata ne."

Disamba ta wuce. Aka ƙara wa Kabir girma, ya yi walima. Ta je, ta ci shinkafa, ta yi masa addu'a da zuciya ɗaya, ta dawo ɗakinta abin ya yi mata zafi ƙwarai. Ba ta ɓoye wa kanta ba.

Duk wannan rani Babba bai yarda sun haɗa ido ba. Idan ta zo Mawashi sai ya tsiri tafiya kasuwar Kankia. Da ruwan shuka ya sauka ta same shi a zaure ta ce, "Yaya, ina son hannu. Amma da sharaɗi: ko tsinke ba za ka ɗaga a gonar nan ba sai na ce." Mutum mai shekara hamsin da biyar, mai surukai, ƙanwarsa ta kafa masa doka. Ya ce, "Na ji."

Suka shuka gajerun layuka ɗari biyu da talatin da takwas, kowane ambulan layinsa. Ta bar gindin gawo fili ba ta shuka komai ba, don ta san nan shanu ke kwanciya da rani, ƙasar wurin ta fi ta ko'ina ƙarfi. Ta zana taswirar gonar kashi uku, ɗaya a jakarta, ɗaya a Kankia, ɗaya ta ba Sa'a ta sa a ƙasan adaka.

Ƙarshen Agusta ƙuduji ya fito kamar an gayyace shi. Gona ta yi fure gwanin kyau, dawa ta fara rawaya tana tsugunnewa. Amatullah ta zo wata Juma'a ta nufi layukan farko kai tsaye, don ita ma, Allah ya sani, zuciyarta na wurin. Layi na ɗaya ya ƙone. Na biyu ko gwiwa bai kai ba. Har na bakwai babu mai rai a ciki, ƙuduji ya yi masu lalle. Ta daure ta ci gaba da bin gonar da littafi a hannu, sai ga wani layi a tsakiya kore shar, ya fi ta tsayi. Can gaba ga wani. Ta bi ta ƙirga, ta sake ƙirgawa: goma sha shida, a warwatse, duk daga cikin dammunan gayya.

Adda ta sa aka kawo ta da sandarta. Ta daɗe tana kallon layukanta bakwai. Ta ce, "Daga gindin gawo na cire su. Yanzu na tuna." Ta buga sandar a ƙasa. "Shekara sittin ina fidda iri, ashe rannan kashin shanu na zaɓo! Ɗiyata, da kin ji maganata fa?"

Amatullah ta ce, "Da yanzu irin nan yana gonar mutum arba'in, Gwaggo, da sunana a kai."

Tsohuwar ta kama haɓa ta ce, "Inna lillahi." Aka mayar da ita gida.

Farfesa Jaji ya ji labari, don ɗalibai ba sa riƙe magana. Ba ta je ta gaya masa ba, shi ma bai kira ta ba. Sun haɗu a baranda ya ce, "Dokta, ya gona?" Ta ce, "Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe." Iyakar abin da ya shiga tsakaninsu ke nan.

Da kaka ta zo, jarrabawa ta sake riƙe ta, wannan karon kwana tara bayan an saki dabbobi. Kwana taran nan Babba ya yi su a bakin gonar da sanda, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, yana korar shanu da awaki. Dawa ta bushe ƙayau a gabansa da hulunanta, hannunsa yana ƙaiƙayi, bai taɓa ko ganye ba. Masu babur suka samu abin yi: "Babba, kai ma an ɗauke ka aikin jami'ar ne?" Ya ce, "Eh, ni ne mai gadin masu mura."

Ranar da ta iso ta tarar da mutane a bakin gona, kusan duk waɗanda suka yi gayyar bara. Babu wanda ya kira su. Suna tsaye da wuƙaƙensu, ba wanda ya taka kunya guda. Malam Ashiru ya ce, "To Malama, ga mu. Faɗi yadda ake yi." Ta ba kowa buhu mai lamba ta kai shi layinsa. Mutanen da ke share gona kafin azahar suka yini cur a kan 'yan layuka, ana yanka zangarniya da hularta, ana kawo mata tana dubawa tana aunawa. Da aka gama ta durƙusa ta yi godiya, wannan karon ba ta ƙara komai a kai ba.

Mutane suka watse, saura ita da Babba a gindin gawo. Ta shimfiɗa zane tana sussuke goma sha shidan nan, kowane daban. Ya tsuguna nesa kaɗan yana kallo.

Ya ce, "Ita ce arba'in da ɗayan?"

"Ina kyautata zato, Yaya. Sai na sake gwada su baɗi kafin in sa hannu."

"To girman fa? Bana za su ba ki?"

"A'a. Sai baɗi waccan, in da rai."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Shekara ukku ke nan na ci maki. Ni na jawo maki wannan, Amatullah, kuma ban san da mi zan biya ki ba."

Ba ta ce masa "ba komai" ba, don da komai, kuma ita ba ta iya faɗin abin da ba haka ba ko don lallashi. Ta ci gaba da aikinta. Kowane iri ta raba shi biyu, ta zuba a ambulan biyu, ta rubuta lamba iri ɗaya. Da ta gama ta tattara goma sha shida ta sa a jakarta. Sauran goma sha shidan ta miƙa masa.

Ya ce, "Na mi?"

Ta ce, "Firjin jami'a ya ci amanata. Wannan rabin kai za ka ajiye. Idan nawa ya salwanta, babu shi a ko'ina sai wurinka."

Babba ya dubi ambulan ɗin, ya dubi hannuwansa, ya goge su a riga har sau biyu. Rigar aiki ce, aljihunta ya yage. Ya duba hagu da dama bai ga abin da ya yarda da shi ba. Sai ya cire hularsa ya jera su a ciki ɗaya bayan ɗaya, yana karanta lambobin a hankali, ya rungume ta a ƙirji. Haka ya ratsa Mawashi har gida da kai a buɗe, furfura a waje, mutane suna gaishe shi yana amsawa da ka, don ba ya son ya saki hannu.